Ƙanena ya yi kisa cikin lalura, dangi sun ce kada a faɗa wa alƙali yana da taɓin hankali

Abban Sadiya
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na jima a nan ina karanta na mutane, ban taɓa kawo nawa ba, yau dole ta sa. Ƙanena ne, ciki ɗaya, shekararsa 27. Shekara shida ke nan da lalura ta same shi. Da rashin barci ta fara, sai ya koma cewa ana kiran sunansa cikin rediyo, daga nan ya bar cin tuwon gida wai ana barbaɗa mishi abu. Ba abin da ba mu yi ba, ruƙiya, hayaƙi, rubutu, har wani ƙauye bayan Tibiri aka kai shi ya yi wata biyu da mari a ƙafa. Sai daga baya muka kai shi likita aka ɗora shi kan magani, ya dawo garau, har ya koma kan kekensa na ɗinki. Bara da bazara magani ya yanke. Ya ce ya warke, mu ma idonmu ya nuna mana haka, ga hatsi ya yi tsada, sai muka sa ido. Wannan laifin namu ne, ban ɗora wa kowa ba.

Sati uku da suka wuce, da asuba, maƙwabcinmu ya fito za shi masallaci, yaron nan ya bi shi da taɓarya ya maka mishi a ka. Dattijon da ko kallon banza bai taɓa haɗa su ba, shi ke kawo mishi ɗinkin Sallar 'ya'yansa. Kwana huɗu ya yi a likita, Allah ya karɓi abinsa. Da 'yan sanda suka zo, ƙanena na zaune ƙofar gida, taɓaryar na gefensa, yana ce musu ya gama da wanda ke ratso bango yana shigo mishi ɗaki da dare. Bai gudu ba, bai ɓoye komai ba. Yanzu yana gidan kaso.

Jiya aka yi zaman dangi. Baffanmu ya ce kada wanda ya kuskura ya ambaci hauka gaban hukuma, don muna da 'yan mata uku a gida, ɗaya an sa ranarta bayan Sallah. Ya ce a ce faɗa ne ya haɗa su, tsautsayi ya faɗa. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Masu sani ku taimake ni, in aka faɗi gaskiyar ciwonsa mi doka ta ce?

Hajiya Inna
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba iyalinsa haƙuri. Kai ma ɗana Allah ya ba ka juriya, gida biyu ne wuta ta ci.

Ɗan Kabu-kabu
Allah ya jiƙan mamaci. Amma ni in faɗi gaskiya na gaji da wanga zance. Kowa ya yi ɓarna sai a ce ba shi cikin hankalinshi. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. In mahaukaci ne mi ya hana shi maka ma kanshi taɓaryar? Ya san ya jira asuba, ya san inda kai yake a jikin mutum, laifi ne kaɗai bai sani ba?

Maman Nafisa
Allah ya yi maka albarka. Yayana wani ɗan iska ya soke shi a tasha a kan jika biyu, ya sha tramol ya yi tatul. Washegari uwarsa na bin gidaje tana cewa ai dama yaron yana da aljanu. Har yau yayana ba ya iya ɗaga buhu. Ni duk wanda ya ce mini hauka sai in ji raina ya ɓaci.

Tsohon Magatakarda
Wa alaikumus salam. Abban Sadiya, na yi shekaru ina riƙe da alƙalami a gefen alƙalai kafin in huta, bari in faɗa maka abin da na sani, amma maganata ba ta maye gurbin lauya ba.

Dokar laifuffuka ta Nijar an kafa ta a 1961, an yi mata gyare-gyare daga baya. A wannan babi ta gaji tsohuwar dokar Faransa ta 1810, aya ta 64, wadda ta ce babu laifi in wanda ake tuhuma yana cikin hauka a lokacin da ya aikata abin. Ka riƙe kalmar nan da kyau: a lokacin. Alƙali ba ya tambayar ko unguwa na kiran mutum mahaukaci, ba ya tambayar ko an taɓa ɗaure shi a turu. Abin da yake nema shi ne, a wannan asubar, da ya ɗaga taɓarya, hankalinsa na jikinsa ko ya gushe? Mutum na iya yin shekara goma yana shan maganin ƙwaƙwalwa, ya yi sata ranar da yake garau, a ɗaure shi kamar kowa. Wani kuma bai taɓa zuwa likita ba, amma bincike ya nuna ciwon ya daɗe yana cinsa.

Tunda rai ya salwanta, dosiyen yana hannun alƙali mai bincike. Shi ke da ikon sa likitan ƙwaƙwalwa ya duba ƙanenka ya rubuto rahoto, kuma lauyansa na da damar roƙon a yi hakan. Rahoton likita shawara ce, hukunci na alƙali ne. In ya gamsu hankali ya gushe, yana iya rufe dosiyen ba a kai ga zaman shari'a ba. In bai gamsu ba a je kotu, can ma ana iya sake tada maganar.

Sai shawarar baffanku. Da girmansa, amma rami yake haƙa wa yaron nan. Ku cire ciwon daga labarin ku ga abin da ya rage: saurayi mai lafiya ya tanadi taɓarya, ya laɓe cikin duhun asuba, ya jira dattijo ya fito. Wannan a doka sunansa kisa da shiri da kwanton ɓauna, shi ne mafi nauyi, hukuncinsa a rubuce kisa ne, ko da yake rabon da a zartar da shi a ƙasar nan tun 1976. In kuka ƙara da cewa akwai faɗa tsakaninsu, kun ba mai gabatar da ƙara dalilin da ba ya da shi. Ga kuma ƙarya gaban alƙali, ita ma laifi ce mai zaman kanta.

Abban Sadiya
Baba, Allah ya saka. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Ɗan Kabu-kabu
Baba ku yi haƙuri, ba ku ba ni amsa ba. Wanda ya iya laɓewa ya jira, ai ya yi lissafi. Mahaukaci na lissafi?

Majo Rabi
Ɗan Kabu-kabu, bari ni in amsa maka, aikina ne. Kai hoton mahaukaci da ke kanka shi ne na bakin kasuwa, tsumma a jiki, yana tsintar leda. Mafi yawan waɗanda muke gani ba haka suke ba. Suna wanka, suna sallah, suna ƙirga canji daidai. Abin da ya lalace shi ne abin da suka yi imani da shi. Mutum zai ji murya a kunnensa sak kamar yadda kake jin tawa, ta ce mishi wane zai kashe ka yau. Ba zato yake yi ba, yaƙini ne gare shi. Daga nan duk lissafin da zai yi daidai ne, sai dai a kan tubalin toka aka ɗora shi. In da gaske wani na ratso bango yana shigo maka ɗaki, kai ma za ka nemi taɓarya ka jira shi. To shi a wurinsa da gaske ne.

Alamomin da Abban Sadiya ya lissafa, jin murya, zargin guba a abinci, farawa a farkon shekaru ashirin, dawowa bayan barin magani, sun yi kama da ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Ban gan shi ba, don haka ban yanke ba. Kuma don Allah kada wannan labari ya sa a fara jifan masu lalura a unguwa. Akasarinsu ba su taɓa cutar da kowa ba, su ake cuta.

Batun ƙaryar hauka kuwa, tana da wuyar riƙewa fiye da yadda kuke tsammani. Mai kwaikwayo yakan yi abin da ya gani a fim, ya zazzaro ido, ya ce bai san sunan uwarsa ba. Mai ciwon gaske sau da yawa shi ne ke rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Kuma ba a zama ɗaya ake dogara ba, ana duba tsofaffin takardu, a ji ta bakin maƙwabta, a tambayi masu gadinsa yadda yake kwana.

Malam Na Limanci
Bismillah. Tun kafin Faransa ta rubuta tata, shari'a ta gama da wannan magana. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Da sahabi Ma'izu ya zo yana iƙirarin laifi a kan kansa, cikin abin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye shi har da ko yana da taɓuwa. Ka ga alƙali da kansa ke bincikar hankali, ba sai an roƙe shi ba. A zamanin Sayyidina Umar an kawo wata mace mai taɓin hankali za a tsai da mata haddi, Sayyidina Ali ya tuna masa da wannan hukunci, aka sake ta.

A Muwaɗɗa, Marwan ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya game da mahaukacin da ya kashe mutum, amsa ta zo cewa ba a yi wa mahaukaci ƙisasi. Amma Maman Nafisa ki saurara, don maganarki ma tana da gurbi. Risala, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta jera su wuri ɗaya: mashayi in ya yi kisa cikin maye a kashe shi, mahaukaci in ya yi kisa diyya ta hau kan danginsa. Wanda ya sayi gushewar hankali da kuɗinsa daban, wanda Allah ya jarraba daban. Haka mai ciwon da ke zuwa yana tafiya, in ya yi ɓarna lokacin da ya farfaɗo, hukuncin mai hankali ne a kansa.

Abin da nake so Abban Sadiya ya kai wa baffansa shi ne wannan: ɗauke alƙalami bai mai da jinin mamaci banza ba. Diyya raƙumi ɗari ce, ko dinari dubu na zinariya, dangin uba ke haɗawa cikin shekara uku, sai in magada sun yafe ko an yi sulhu a kan abin da ya sawwaƙa. Baffan da ke tunanin auren 'yan mata, a shari'a yana sahun gaba cikin masu biya.

Maman Nafisa
Allah ya gafarta Malam, yanzu na ji magana. Ni dama abin da ke ƙona mini rai a haɗa ɗan ƙwaya da mai ciwo a kwano ɗaya.

Ɗan Liyon
Maman Nafisa, wannan rigimar taki ita ta tashi ƙasar nan da nake zaune. A watan Afrilun 2017 a Paris wani mutum ya shiga gidan wata dattijuwa Bayahudiya, Sarah Halimi, ya lakaɗa mata duka ya jefo ta daga bene. Ya daɗe yana shan wiwi. Likitoci suka ce a daren hankalinsa ya fita, aka yi ta ja, har kotun ƙoli a Afrilun 2021 ta ce ba za a yi masa shari'a ba, don doka ba ta bambance dalilin gushewar hankali ba. Mutane dubbai suka fito zanga-zanga. A Janairun 2022 aka gyara doka don a toshe wa wanda ya sha abu da gangan wannan ƙofa a wasu halaye. Mutumin dai ba gida ya koma ba, asibitin masu taɓin hankali aka tsare shi.

Wani abu kuma, su nan sun bar waccan aya ta 64 tun 1994. Sabuwar dokar ta raba biyu: wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya ba a hukunta shi, wanda nasa ya raunana kawai ana hukunta shi amma a sassauta. Ni a ganina yawancin mutane a tsakiyar nan suke.

Mai Maganin Gargajiya
Duk wannan turanci ne. Yaron nan iska ce ta taɓa shi, baƙin aljani ne mai shiga ta bango. Ku same ni ta akwati, kwana bakwai ya isa.

Shugaban Zaure
Mai Magani, ba a talla a nan, balle a kan gawa. Na goge lambar da ka sa. In ka sake zan fitar da kai.

Majo Rabi
Wata biyu da mari a ƙafa bai isa ba, sai an ƙara kwana bakwai. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A haɗa da magani kawai.

Lauyan Gobe
Gaisuwa daga Katsina, ɗalibin shari'a ne ni, kakata 'yar Madarunfa ce shi ya sa nake zauren nan. Mu a wannan gefen gadon Ingila muka ci. Sashe na 51 na kundin Penal Code na Arewa ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya yi alhali taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Kuma doka na ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an nuna akasi, wanda ya yi da'awar hauka shi zai kawo hujja.

Asalin ma'aunin daga shari'ar wani ne mai suna Daniel M'Naghten a 1843. Ya yi imani jam'iyyar da ke mulki na farautarsa, ya je Landan ya harbe Edward Drummond, sakataren firaminista Robert Peel. Kotu ta ce ba shi da laifi saboda hauka. Sarauniya Victoria da jama'a suka fusata, Majalisar Dattawa ta kira manyan alƙalai ta yi musu tambayoyi, amsoshinsu suka zama ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi har yau. Abin da Ɗan Kabu-kabu zai so ya ji: M'Naghten bai sake taka titi ba, a tsare ya mutu a asibitin Broadmoor a 1865, shekara 22 bayan an ce ba shi da laifi. Haka John Hinckley da ya harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a 1981, kotu ta wanke shi a 1982 saboda hauka, amma sai 2016 ya bar asibiti. Bayan shari'arsa ma Amurka ta ƙara tsaurara dokar a 1984.

Ɗan Kabu-kabu
To can ke nan, inda akwai gidan da za a aje mutum shekara talatin ana ba shi abinci da magani. Nan fa? In alƙali ya rufe dosiye, ina za a kai shi? Unguwarmu zai dawo. Ni nake ɗaukar yara zuwa lakwal da safe ta wannan layin. Ku ba ni amsar wannan in yi shiru.

Tsohon Magatakarda
Yanzu ka yi tambayar da ta fi duk wadda aka yi yau, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Rufe dosiye ba ya warkar da kowa. Hukuma na iya sa a kai mutum asibiti in yana da haɗari ga jama'a, amma wuraren kaɗan ne, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su da yawa, sashen da kowa ya sani shi ne Pavillon E na babban asibitin Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan. Abin da idona ya gani a shekarun aikina, ƙarshenta nauyin kan dangi yake komawa. Na kuma ga ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tausayi: mutum na zaune a kaso wata da watanni ana jiran rahoton likita, ba magani, 'yan ɗaki na dukansa don yana hana su barci da surutu. Akwai wani da nake tunawa, duk lokacin da aka kawo shi ofis sai ya cire takalmansa ya ajiye a kan teburina ya ce in riƙe mishi amana. Danginsa ba wanda ya taɓa zuwa, sun ji kunya. Dosiyen da ba mai bibiya shi ke kwana ƙasan tari.

Amma ka auna da kyau. In aka ɓoye ciwon aka ɗaure shi a matsayin mai lafiya, wata rana zai iya fitowa, ba a taɓa yi mishi magani ba, kuma ba wanda ya rubuta ko'ina cewa yana da haɗari. Wanne ya fi maka tsaro a layin naku?

Ɗan Kabu-kabu
Ko wanne ba daɗi. Amma na ji.

Hajiya Inna
Ni batun 'yan matan nan nake so in taɓa, don na aurar da shida na san abin da baffan ke ji. Ba mugu ba ne, tsoro ne. Sai dai ɗana, wa za a ɓoye wa? Yaron da aka ɗauka a mota zuwa ƙauye yana ihu, unguwa duk ta gani. Dangin mijin da ke neman ƙanwarku sun yi bincike kafin su kawo goro, haka ake yi, sun sani sarai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ka tambayi baffanka, wanne ya fi sauƙin faɗa wa surukai, gidan da Allah ya jarrabi ɗansu da ciwo, ko gidan da ɗansu ya kashe dattijo a hanyar masallaci da hankalinsa?

Abu na biyu, kun je gaisuwa?

Abban Sadiya
Hajiya, mun je jana'iza, muka tsaya daga baya. Ranar uku mahaifiyarmu ta shiga wajen matan, ba wanda ya ce mata komai, ba a kuma amsa mata ba. Tun ranar ba ta fita ko ƙofar gida ba.

Hajiya Inna
Ku koma. Ku ɗauki liman da mai unguwa. Ko sun zage ku ku sunkuyar da kai, suna da gaskiya. Kada ku je da maganar kotu a bakinku, za su ce yafiya kuka zo saye.

Alhaji Ɗan Kasuwa
Ni shawarata gajera ce. A samu wanda ya san wani a ga alƙali, a kashe magana. Haka ake yi.

Tsohon Magatakarda
Alhaji, yaron nan na da hujja ta gaskiya, kana so a mai da ita ta saye? Ranar da dangin mamaci suka ji an kai ko dala, ba mai sake yarda cewa ciwo ne, har waɗanda suka gan shi da mari.

Abban Sadiya, kuma ka sani ko iyalan mamaci sun yafe, ƙarar kisa ba tasu ba ce su janye, ta hukuma ce. Sulhun da Malam da Hajiya ke magana yana gyara zama, yana sauke haƙƙi, amma ba ya tsai da alƙali mai bincike. Su ma suna da damar shiga ƙarar su nemi a biya su. Kotunanmu na bin al'ada a aure da gado da gona, ba a laifin jini ba.

Ga abin da za ka yi tun gobe. Ka nemo duk wata takarda ta ciwonsa, karne, ordonansi, rasit na farmasi, ko kwalin magani ne. Ka rubuta sunayen waɗanda suka ga halinsa a makonnin kafin abin, ubangidansa na ɗinki, abokan fadarsa, wanda ya lura ya bar barci. Shaidar bare ta fi ta ɗan'uwa nauyi. Maganar da ya faɗa wa 'yan sanda ta bango, lauya ya duba ko ta shiga takardarsu. In ba ku da ƙarfin ɗaukar lauya, akwai hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ da aka kafa a 2011 don marasa hali, ka tambaya a kotu a nuna maka. Babban laifi irin wannan ba a yanke shi sai da mai kare wanda ake tuhuma, amma kada ka jira ranar zama, a wajen bincike ake cin wannan magana ko a rasa ta.

Lauyan Gobe
Baba, tambaya. In har yanzu bai dawo hayyacinsa ba, za a iya yi masa shari'a a haka?

Tsohon Magatakarda
Tambayoyi biyu ne mabambanta, ɗana, mutane na cakuɗa su. Halinsa ranar da abin ya faru shi ke nuna ko akwai laifi a kansa. Halinsa na yau shi ke nuna ko zai iya fahimtar tuhuma ya kare kansa. Wanda bai san inda yake ba, ba a yi mishi tambayoyi a ce an yi adalci, akan jinkirta har ya samu sauƙi.

Maman Nafisa
Ni dai har yanzu ina tunanin matar mamacin. Ku duk kuna ta doka da aya, ita takaba take yi. Abban Sadiya ban ce kai ka yi ba, amma da kun sayi maganin nan da mijinta na nan. Ka yafe ni, sai na faɗa.

Abban Sadiya
Ba abin yafewa, Maman Nafisa. Abin da nake faɗa wa kaina ke nan kullum dare.

Majo Rabi
Ba ku kaɗai ba ne, kusan kowane gida haka suke yi, da an ga sauƙi sai a ce an warke. Ciwon nan kamar hawan jini yake, riƙe shi ake yi. Ga wanda ke ƙin haɗiyar ƙwaya akwai allura ta wata-wata, masu irin wannan a gida su tambayi likitansu.

Abban Sadiya
'Yan zaure, na dawo bayan kwana biyar. Na karanta wa mahaifiyarmu abin da kuka rubuta. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ta fiddo wata baƙar leda ɗaure da tsumma. Karnensa ne a ciki, da ordonansi goma sha ɗaya, da fankon magani duk ta adana, har da wanda ɓera ya ci gefensa. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma ta san takardar likita ba a yar da ita. Baffa har yanzu yana kan bakansa, ya ce in na kai takardun nan ba shi ba ni. Mun koma gidan mamaci da liman. Babban ɗansa ya tashi ya bar zauren, ƙanen marigayin ya ce mu dawo bayan arba'in.

Na je kaso ranar Lahadi da fura. Ya rame, ya ce ba ya barci. Ya tambaye ni kekensa ko an rufe shi daga ƙura. Sannan ya ce mi ya sa Baba maƙwabci bai zo duba shi ba, ko fushi yake da shi. Ban iya ba shi amsa ba.

Baba Magatakarda, takardun nan asalin zan kai ko kwafi?

Tsohon Magatakarda
Kwafi, ta hannun lauya. Asalin ka riƙe har sai alƙali ya nema, in ka miƙa kuma a ba ka shaidar karɓa. Maganar da ya yi maka ranar Lahadi ka rubuta ta da kwanan wata, yadda ya faɗe ta, kada ka gyara ko kalma.

Majo Rabi
Ka ɗauki ordonansi na ƙarshe ka kai wa majon gidan kaso, ka roƙi a sa likita ya gan shi. Kada ka sayo magani ka ba shi da kanka, bayan shekara guda ba a komawa kan adadin da aka bari sai an sake dubawa.